Ƙarfen da Muke Sayarwa a Kan Sikeli, Wasu Tarihi Suke Rubutawa da Shi

Maudu'inmu na wannan mako zai ɗan kauce daga inda muka saba, wato gina labari da ƙa'idojin rubutu. Za mu leƙa wata fasaha ce maƙwabciyar tamu: sassaƙar zamani da ake haɗawa da kayan masana'antu, irin su ƙarfe da waya da alminiyam da roba da buhu, wadda kuma ba ta kwaikwayon siffar mutum ko dabba ko wani abu da ido ya saba da shi. Idan aka nuna wa yawancin mutanenmu hoton irin wannan aiki, abin da za a fara ji shi ne, “Wannan ai bola ce.” Ra'ayinmu shi ne wannan hukunci ya yi gaggawa, kuma mu da muke riƙe da alƙalami mun fi kowa asara idan muka bar shi a haka.

Ba mu ne farkon masu ruɗewa ba. A shekarar 1926 wani masassaƙi ɗan ƙasar Romaniya mazaunin Faris, Constantin Brancusi, ya aika ayyukansa Amurka. A cikinsu akwai wani dogon abu siriri na tagulla, an goge shi yana walƙiya, ya sa masa suna Tsuntsu a Sarari. Ba baki, ba fiffike, ba ƙafa. Dokar Amurka ta lokacin ta yafe wa aikin fasaha haraji, amma jami'an kwastam suka duba suka ce su ba su ga tsuntsu ba, ƙarfe suka gani, suka yanka masa harajin kashi 40 cikin ɗari kamar sauran kayan ƙarfe. Magana ta kai kotu. A 1928 kotu ta ba Brancusi gaskiya, ta yarda cewa akwai fasahar da ke nuna tunani ba tare da ta kwaikwayi halitta ba. Abin da mutumin ya so kamawa shi ne tashin, yadda abu ke cilla kansa sama, kuma gashi da baki ba su da amfani a wannan nufi.

Daga nan al'amarin ya ci gaba. A da, masassaƙi yana ɗaukar dutse ko itace ne ya yi ta ragewa har siffa ta fito. Masu wannan salo kuwa haɗawa suke yi, da walda da ƙusa da ɗauri. David Smith na Amurka ya yi aiki a kamfanin haɗa motoci yana saurayi, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya yi walda a masana'antar kera kawunan jirgin ƙasa da tankokin yaƙi. A 1962 aka gayyace shi Italiya, aka sakar masa wasu masana'antun ƙarfe da aka daina aiki da su a garin Voltri. Cikin kwana 30 ya haɗa ayyuka 27 daga tarkacen da ya tarar a ƙasa. Ku riƙe wannan labari, za mu dawo kan masana'antun da suka mutu, domin mu ma muna da namu.

To amma ba sai mun tsallaka teku ba. Ɗaya daga cikin waɗanda duniya ta fi girmamawa a wannan fanni a yau, a Nijeriya ya yi mafi yawan aikinsa. El Anatsui ɗan Ghana ne, an haife shi a 1944, ya zo Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka a 1975 yana koyar da sassaƙa, ya shafe sama da shekara 30 a can. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci wani buhu cike da marafan kwalaben barasa na alminiyam da aka zubar. Ya fara buɗe su yana daddaƙe su, yana yankawa, yana hudawa, yana ɗaure su ɗaya da ɗaya da siririyar wayar jan ƙarfe. Da dubbai suka haɗu sai suka zama kamar wani makeken zane mai sheƙi, ja da baƙi da ruwan zinare, wanda zai iya rufe bangon bene. Ya kuma yi aiki da marafan gwangwanin madarar Peak, da tsoffin magogin rogo da suka yi tsatsa. A 2015 babban bikin baje kolin fasaha na birnin Venis ya ba shi lambar Zakin Zinare ta karramawar rayuwa, a 2023 kuma aka ba shi katafaren zauren gidan fasaha na Tate Modern da ke Landan ya cika shi da irin wannan aiki.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan Musulmi da marfin kwalbar giya? Tambayar tana kan hanya, amsarta kuma ita ce zuciyar wannan rubutu. Barasa tana cikin manyan hajojin da Turawa suka shigo da su gaɓar Afirka ta Yamma, aka riƙa musayarsu da mutane a zamanin cinikin bayi. Bayin da aka kai tsibiran Karebiyan sun noma rake, aka yi giya da raken, giyar ta sake dawowa Afirka. El Anatsui ya sha bayyana cewa wannan zagaye yana cikin abin da marafan ke ɗauke da shi. Wanda ya tsaya daga nesa zai ga ado kamar na sarauta. Idan ya matso sai ya karanta sunayen kamfanoni a jikin kowane ɗan yanki, ya ga adon nan daga abin da ya cinye dukiya da hankalin mutane aka ɗinka shi. Babu hoton bawa ko na jirgin ruwa a ciki, kayan aikin da kansu ne suke ba da shaida.

Misali na biyu ya fi kusa da mu. Ibrahim Mahama ɗan Tamale ne a arewacin Ghana, garin da Hausa ke yawo a kasuwanninsa da zangonsa. An haife shi a 1987. Shi buhun algarara ne kayan aikinsa. Ana saƙa buhunan a Indiya da Bangaladash, a shigo da su Ghana don zuba koko. Bayan sun gama wannan aiki sai su faɗa hannun 'yan kasuwa, su ɗauki masara da shinkafa, daga ƙarshe su ƙare a wajen masu gawayi. Kowane mai shi yakan rubuta sunansa ko alamarsa a jiki, kowace ɓaraka an yi mata faci. Mahama yakan ba 'yan kasuwa sabon buhu ya karɓi tsoho, ya tara mutane su ɗinke su wuri guda. A 2015 ya lulluɓe dogayen bangaye biyu da su a wancan biki na Venis, shekarar da ɗan Nijeriya Okwui Enwezor ya shugabanci shirya shi. Wanda ya ratsa tsakanin bangayen yana shaƙar warin buhun, yana ganin baƙin gawayi da sunayen mutanen da ba za su taɓa samun bizar zuwa Italiya ba, alhali buhunan da suka ɗauka a ka sun je.

Duk ɗan Kano da ya ji wannan ya kamata dalar gyaɗa ta faɗo masa a rai. Buhuna dubbai, leburori sun jera su da lissafi har suka yi tsini, ba hoton kowa a ciki, amma har gobe idan aka nuna hotonta kowa ya san ana maganar wani zamani ne na noma da layin dogo da arziki. Waɗanda suka jera ta ba su kira kansu masu fasaha ba, ajiya suke yi kafin jirgin ƙasa ya kwashe. Duk da haka ta nuna mana cewa siffa tsura, da kayan da aka yi ta da su, suna iya riƙe tarihin al'umma fiye da dogon jawabi.

A nan ne muke ganin Bahaushe bai kamata ya ɗauki wannan fasaha baƙuwa ba. Dubi zanen da magina ke yi a fuskar soraye a Zariya da Kano da Damagaram. Dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga, da dagi, da zanen ƙwarya, da adon da dukawa ke yi a jikin fata, da zayyanar da ake ƙawata allo da ita ranar sauka. Kusan dukkansu layi ne da kusurwa da da'ira da launi. Ba wanda ya taɓa tsayar da maɗinki ya ce masa, “Wannan aska takwas ɗin me take nufi, ina fuskarta?” Idonmu ya daɗe da sanin yadda ake jin daɗin siffar da ba ta kama da kowa. Abin da ya canza kawai shi ne an sauko da ita daga bango da riga, an tsayar da ita a fili, an yi ta da ƙarfe.

Haka kuma hannunmu ya san sarrafa tarkace. Aci-balbal daga gwangwanin madara, guga daga tsohon tub, takalmi daga taya, tukunya daga narkakken gwangwanin lemo, kurfoti da akwati da rariya daga durom da faranti, motar langa-langa da yara ke ƙerawa a lungu. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya san akwai mutanen da za su kalli mataccen inji su faɗa maka abu goma da zai iya zama. Wannan basira ce ta gaske. Bambancinta da ta masassaƙi shi ne ita tana tambayar me wannan zai yi mana, shi kuma yana tambayar me wannan zai gaya mana.

Yanzu bari mu fuskanci ƙorafe-ƙorafen, domin suna da nauyi.

Na farko shi ne addini. Da an ce sassaƙa, gunki ne ke zuwa zuciyar mutanenmu, kuma tsoron yana da tushe, domin hadisai sun yi gargaɗi mai tsanani a kan ƙera siffar abu mai rai. Fatawa ta malamai ce, ba tamu ba. Sai dai sananne ne cewa a ruwayar da ke cikin Bukhari da Muslim, Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya ƙara masa yarda, ya shawarci wani mai sana'ar yin hotuna da ya koma yin itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Aikin da muke magana a kai ba shi da fuska, ba shi da gaɓoɓi, ba ya kwaikwayon halitta. Idan akwai nau'in sassaƙar da ya fi nisa da abin da ake gudu, to wannan ne. Abin mamaki, sassaƙar da ta fi dacewa da tarbiyyarmu ita muka fi yi wa dariya.

Na biyu shi ne masu cewa, “Ai ko yaron mai walda zai yi wannan.” A nan akwai gaskiya rabi. Ba duk tulin ƙarfen da aka liƙa da walda ne fasaha ba, kamar yadda ba duk shafi 200 da aka cika da kalmomi ne littafi ba. Akwai masu fakewa da sunan zamani su sayar da lalaci. Amma ana iya rarrabewa. A duba ko an zaɓi kayan ne da dalili, ko duk abin da hannu ya kai aka ɗauka. A zagaya aikin a ga ko yana canzawa daga kowane ɓangare. A lura da inda nauyi ya sauka da inda aka bar sarari, da yadda haske ke faɗa masa da safe da yamma. A tambayi kai, da za a cire yanki ɗaya, za a ji an yi rashi? Waɗannan su ne tambayoyin da muke yi wa gajeren labari, sai dai a can jimla muke cirewa. Game da yaron mai walda kuwa, to ya yi mana! Olu Amoda, wanda ya shahara da haɗa ƙusoshi da cokula da tsoffin ƙarafa, daga kwalejin kimiyya da fasaha ta Auchi ya fito, ya kuma daɗe yana koyarwa a ta Yaba da ke Legas. Bencin da ake koyon walda a kwalejojinmu na Kano da Kaduna da Katsina bai gaza nasu ba.

Na uku ya fi ciwo, wato maganar kuɗi da wanda ke cin moriya. A 2012 an yi gwanjon wani aikin El Anatsui a Landan a kan sama da fam dubu 500. Marafan kuwa, a kan kilo ake sayen irinsu. Yaron da ke yawo da buhu da maganaɗisu a kan bola yana cikin wannan sarƙa, amma sunansa ba ya hawa bangon gidan kallo. Manyan ayyukan kuma yawanci a Turai da Amurka suke ƙarewa, inda jikokin masu kayan ba za su gan su ba. Ba za mu share wannan da kalamai masu daɗi ba. Abin da za mu iya nunawa shi ne akwai wanda ya nemi mafita a aikace. Ibrahim Mahama ya mayar da kuɗin da ya samu gida. A 2019 ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale, daga baya ya ƙara wata inda ya ajiye tsoffin jiragen sama da taragun jirgin ƙasa, yaran makaranta suna shiga suna karatu a ciki, ya kuma sayi wani tsohon rumbun siminti na zamanin Kwame Nkrumah da aka yi watsi da shi ya buɗe shi ga jama'a. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata mu riƙa auna masu fasaha da shi, har da mu marubuta: me ya dawo gida?

Akwai kuma wani gefe da dole a faɗa. Sana'ar gwangwan tana ciyar da gidaje masu yawa a Arewa, amma ɓata-gari sun shafa mata baƙin fenti da satar marafan kwalbati da wayoyin lantarki da ƙarafan layin dogo. Duk mai son yin fasaha da ƙarfe sai ya san inda ƙarfensa ya fito. Tunda mun ce kayan aiki shaida ne, to na sata shaidar sata zai bayar.

Mu dawo kan masana'antun da suka mutu. Masaƙar Kaduna da aka fi sani da KTL ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002. Unguwar Kakuri ta taɓa zama wurin da dubban ma'aikata ke fitowa idan an tashi daga aiki. A Kano akwai Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda masana'antu da dama suka yi shiru. A cikin irin waɗannan gine-gine akwai injinan da iyayenmu suka ƙarar da ƙuruciyarsu a gabansu, waɗanda albashinsu ya biya kuɗin makarantar wasu daga cikin masu karanta wannan rubutu. Makomar mataccen inji a ƙasar nan sananniya ce: a yanka shi da wuta, a ɗora a sikeli, a loda a tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe, ya dawo a matsayin rodi. Rodi yana da amfani, ba mu ce a hana kowa cin abincinsa ba. Amma idan aka narkar da komai, wata rana yaro zai tambaya ko da gaske an taɓa saƙa atamfa a Kaduna, a rasa abin nuna masa. Italiyawa sun sakar wa David Smith matacciyar masana'anta na wata guda, har yau ana kallon abin da ya fito daga ciki. Muna da sashen koyar da zane da sassaƙa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, garin da ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958 suna kiran a haɗa fasahar gida da ta zamani. Me zai hana a ware ko da inji ɗaya daga kowace masaƙa, a haɗa ɗaliban nan da masu waldar Panteka, a tsayar da abin da suka ƙera a inda jama'a ke wucewa?

To ina namu a ciki, mu masu alƙalami? Abu uku muke gani.

Na ɗaya, kalmomi. Har yanzu Hausa ba ta tsayar da sunan wannan fasaha ba. Sassaƙa daga itace ta samo asali, ƙira ta maƙera ce, haɗin gambiza kuma yana ɗauke da raini. Harshe ba ya samun kalma sai an yi ta magana a kan abu, kuma marubuta ne ke fara maganar. Idan ba mu rubuta ba, yaranmu da Turanci kawai za su iya tattauna ta, daga nan kuma a ce ai abin na Turawa ne.

Na biyu, ido. Littattafanmu da yawa sun ƙware wajen siffanta falon attajiri, kujeru 'yan Dubai da labule da ƙamshin turare. Amma da wuya ka ga shafi guda da ya tsaya ya kalli ƙofar langa-langa, ko kurar mai ruwa da aka yi wa walda sau bakwai, ko injin markaɗen da ya riƙe gida shekara 20. Masassaƙan nan sun nuna cewa abin da aka taɓa, aka yi gumi a kansa, aka yi masa faci, ya fi sabo labari. Jarumar da aka nuna mana tukunyarta mai lotsattsen gefe mun fi saninta a kan wadda aka ce mana kawai talaka ce.

Na uku, amana da mai karatu. El Anatsui ba ya tilasta yadda za a rataye aikinsa. Yakan bar masu baje kolin su lanƙwasa shi yadda wurin ya ba su, don haka duk inda ya je da sabuwar siffa yake fitowa. Marubuci mai tasowa yakan ji tsoron kada a kasa gane nufinsa, sai ya ƙare kowane babi da wa'azin abin da ya riga ya nuna. Mai karatu yana da hankali, a bar masa wurin da zai sa nasa.

Saboda haka ga aikin wannan mako ga mai sha'awa. A je wurin mai walda ko mai gwangwan mafi kusa, a yi sallama, a nemi izini, a zaɓi abu guda ɗaya daga cikin tarkacen. A tambayi mai wurin sunansa da aikin da ya yi kafin ya mutu, da nawa ake sayen kilonsa. Sannan a rubuta kalma 300 a kansa, ba tare da an yi amfani da kalmar kyau ko muni ba. A faɗi nauyinsa da launin tsatsarsa da inda ya goge saboda yawan taɓawa. 'Yan'uwa mata da fita ke yi wa wuya, tsohon kwano ko murhun ƙarfe ko keken ɗinkin da ke kusurwar ɗaki ya wadatar. Wanda kuma yake da sunan da yake ganin ya dace da wannan fasaha a Hausa, ya kawo shi a ƙasa mu tattauna, manyanmu a wannan zaure su yi mana alƙalanci.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.